Ɗigon Mai a Kan Ƙarfe: Darasin Kimiyya Daga Gidan Dahala

Kafin kowa ya buɗe littafi, ina so ku tuna hanyar da kuka biyo yau da safe. Duk wanda ya fito daga Gidan Dahala, ko ya ratsa ta cikinta, da wuya bai wuce mutum huɗun nan ba. Akwai mai injin markaɗe, tsugune yana cusa wa boris giris tun kafin yara su fara kawo wake da jiƙaƙƙen gero. Akwai ɗan kabu-kabu da ya kafe babur yana tsiyaya wa sarƙa baƙin mai. Akwai tela da 'yar gorarsa mai dogon baki, yana ɗiga wa keken ɗinki mai. Sai mai shayi, ya zuba man gyaɗa a kasko zai soya ƙwai. Sana'o'insu daban-daban ne, amma a wannan lokacin aiki ɗaya suke yi: kowa ya sa mai a inda hannunsa ya kai, ya bar man ya ƙarasa da kansa inda hannu ba ya kaiwa. Tela ba ya kwance keke ya shafe kowane ƙarfe. Ɗigo ɗaya yake sawa a ɗan rami, ya taka sau biyu ko uku, sai ƙarar ta lafa.

To wa ya kai man can ciki? Me ke jan sa, me ke jinkirta shi, me kuma ke korar sa daga wurin da aka fi bukatarsa? Darasinmu na yau ke nan. Na zo da murafan gwangwani, da ruwa, da man gyaɗa, da kananzir, da baƙin mai, da sabulu, domin gani ya kori ji.

Ƙarfe ba sumul yake ba

Ku shafa bayan wannan cokali. Yatsa zai ce muku sumul yake, amma iyakar saninsa ya faɗa. In aka sa cokalin a ƙarƙashin madubin ƙara girma mai ƙarfi, za a ga tuddai da kwaruruka waɗanda tsayinsu bai fi maikiron ɗaya ba. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kaurin silin gashin kan mutum kuwa yana tsakanin maikiron 50 da 100. Idan aka ɗora ƙarfe a kan ƙarfe, kamar an ɗauko gona mai kunyoyi ne an kifa ta a kan wata gonar. Kawunan kunyoyin kaɗai ke taɓa juna, dukan nauyin kuma a kansu yake sauka. Frank Bowden da David Tabor na Jami'ar Kambirij ne suka tabbatar da haka da awo, suka tattara shi a littafinsu na 1950. Da wannan aka fahimci wani abin mamaki da Bafaranshe Guillaume Amontons ya bayyana tun 1699, cewa ƙarfin gogayya nauyin kaya yake bi, ba faɗin gindinsa ba.

Da yake wuraren haɗuwar ƙanana ne ƙwarai, matsin da ke kansu yakan kai har su manne da juna kamar an yi musu walda. Da ƙarfen ya motsa sai su ɓalle, wasu su sake mannewa a gaba. Daga nan ƙarar take, daga nan zafin yake, daga nan kuma ɗan garin ƙarfen nan mai ƙyalli da ake gani a tsohon mai idan an yi juye. In abin ya ta'azzara sai ka ji makanike ya ce inji ya buga. Aikin mai shi ne ya shiga tsakani ya raba su. Sai dai mai rabon faɗa, sai ya iso wurin faɗan tukuna.

Ja-in-ja a bakin ɗigo

Ga murfi na farko, na goge shi da babban yatsana. Na ɗiga ruwa: ku duba, ya tsaya cur kamar ƙwayar carbi. Na ɗiga man gyaɗa: ya kwanta, ya baje kaɗan. Na ɗiga kananzir: kafin in rufe baki ya malale.

Kowane abu mai ruwa-ruwa ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira molakul, kuma suna jan junansu. Ƙwayar da ke tsakiyar ɗigo maƙwabta sun kewaye ta, ana jan ta ta kowane ɓangare, saboda haka tana zaune lafiya. Wadda ke can sama ba ta da maƙwabci a bisanta sai iska, don haka ciki kawai ake jan ta. Wannan ya sa saman ruwan ke ɗamewa kamar fatar kalangu, kullum yana neman ya tsuke. Mu kira wannan hali ɗamewar fuska. Shi ke sa reza ta kwanta a kan ruwa ba ta nutse ba in an ajiye ta a hankali, alhali ƙarfe ce. Ana auna shi da milinutan a kan kowace mita. Na ruwa wajen 72 ne. Na man inji da man girki yana kusa da 30 ko ɗan sama da haka, na kananzir ƙasa da 30. Na zaiba ya haura 480, shi ya sa in ma'aunin zafin jiki ya fashe sai ka ga tana gangarawa dunƙule-dunƙule.

A 1805 wani likita Bature mai suna Thomas Young ya wallafa a mujallar Ƙungiyar Masana ta Landan bayanin abin da ke faruwa a bakin ɗigo, daidai layin da abu uku suka haɗu: ƙarfe, ruwa da iska. Ƙwayoyin da ke fuskar ƙarfe su ma ba su da maƙwabta a sama, kuma yunwar maƙwabci ta fi tsanani a wurinsu, domin ƙarfin da ke haɗa ƙwayoyin ƙarfe ya ninka na ruwa sau da yawa. Saboda haka ƙarfe yana jan bakin ɗigon waje don ya lulluɓe shi, fatar ɗigon kuma tana ja baya don ta dunƙule. Inda ja-in-jan ya tsaya, nan ake samun kusurwar da bakin ɗigo ya yi da ƙarfen. In kusurwar ta haura digiri 90, ruwan ya ƙi wurin. In ta gaza 90, ya jiƙa shi. In ta sauka har sifiri, to ba inda zai tsaya, zai yi ta bajewa har ya zama ɗan siririn shafe. Mai yana lulluɓe ƙarfe ne don fatarsa ba ta da ƙarfin ja da baya.

Na san wani a bayan aji zai ce, "Malam, ke nan ruwa ba shi jiƙa ƙarfe?" Yauwa. Ga murfi na biyu, wannan na wanke shi da toka da sabulu, na ɗauraye, ban sake taɓa fuskarsa ba. Na ɗiga ruwa. Kun gani? Ya baje shimfiɗ. Ashe a murfin farko ruwan ba a kan ƙarfe ya zauna ba, a kan maiƙon yatsana ya zauna. Shafen da kaurinsa bai wuce ƙwaya ɗaya ba ya isa ya canza halin fuskar gaba ɗaya, domin ɗigo ba ya sanin abin da ke can ƙasa, abin da ya taɓa kawai ya sani. Masu fentin mota suna amfani da wannan dabara: su watsa wa ƙarfe ruwa, in ya tsattsaya ɗigo-ɗigo akwai sauran maiƙo, fenti ba zai kama ba. Kaskon zamani da abinci ba ya kamawa kuwa akasin haka aka nema. An shafe shi da Teflon, wanda Roy Plunkett ya gano a Amurka a 1938, kuma jan da fuskarsa ke yi ya yi rauni har shi kansa mai tattaruwa yake a kai.

Ko zai je daban, yaushe zai isa daban

Nan ne ɗalibai suka fi rikicewa, don haka ku natsu. Ɗamewar fuskar kananzir da ta baƙin mai kusan ɗaya ce, amma na karkata murfin nan, kananzir ya kai ƙasa tun tuni, baƙin mai yana jan ciki. Abin da ya raba su kauri ne, wato yadda ƙwayoyin man ke gogar junansu idan suna tafiya. Ɗamewar fuska ita ke yanke hukuncin ko mai zai baje. Kauri shi ke ƙayyade lokacin da zai ɗauka.

Lokacin kuma yana da tsawo fiye da yadda ake zato. A 1979 wani masani a Ingila, L. H. Tanner, ya auna yadda ƙaramin ɗigon mai ke faɗaɗa a kan shimfiɗaɗɗiyar fuska, ya samu cewa kafin faɗinsa ya ninka sau biyu, sai lokacin ya ninka biyu sau goma a jere. Ku lissafa: biyu, huɗu, takwas, har ƙaro na goma, 1,024 ke nan. Ɗigon da ya kai wani faɗi cikin minti ɗaya, kafin ya kai ninkin wannan faɗin sai bayan awa 17. Dalili kuwa, duk sa'ad da ya ƙara bajewa yana ƙara sirancewa, siririn mai kuma ƙarfen da ke ƙasansa ya fi riƙe shi. Sannu ba ta hana zuwa, gaskiya ne, amma injin da ke juyawa sau dubu uku a minti ba zai jira gobe ba.

Akwai wani ɗan abu da ido ba ya gani. William Hardy, shi ma a Ingila, ya lura tun 1919 cewa a gaban bakin ɗigon da muke gani akwai wani shafe siriri ƙwarai da ke riga shi tafiya, kamar zagi a gaban dokin sarki. In kuna son ku san iyakar sirancin da mai zai iya kaiwa, ku tuna Benjamin Franklin, wanda ya zuba cokalin shayi ɗaya na mai a wani kududdufi a Clapham, kusa da Landan, ya ga ya lulluɓe kusan rabin eka. Bayan sama da shekara ɗari, a 1890, Lord Rayleigh ya auna irin wannan shafe na man zaitun a kan ruwa, ya samu kaurinsa bai kai nanomita biyu ba. Nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikiron.

Darasin lagwani

In bajewa a fili tana da nawa haka, yaya man tela ya isa cikin keke nan da nan? Amsar tana cikin fitilar ƙwai. Ba wanda ke tura kananzir sama, lagwani ne ke tsotso shi, ya hau da shi daga tanki zuwa wuta. Tsakanin zaruruwan lagwanin akwai ƙananan hanyoyi, kuma a matsattsiyar hanya bango biyu ne ke jan bakin man lokaci ɗaya. James Jurin ya nuna a 1718 cewa gwargwadon ƙuncin hanyar, gwargwadon tsayin da ruwa zai hau. Tsakanin sandar ƙarfe da ramin da take juyawa a ciki ma irin wannan hanya ce. Da ɗigo ya taɓa bakinta sai ta zuƙe shi, motsin keken kuma ya ƙarasa rarraba shi.

Ita ma wannan tafiya tana da lissafinta, wanda Edward Washburn ya fitar a Amurka a 1921. Nisan biyu yana cin lokaci huɗu, nisan uku yana cin lokaci tara. In man ya shiga santimita ɗaya a minti ɗaya, santimita biyu sai minti huɗu, uku sai minti tara. Mai kauri kuma lokacinsa ya fi haka gwargwadon kaurinsa. Yanzu kun ga hikimar makaniken da ya ci karo da notin da tsatsa ta cinye. Ba ya zuba masa baƙin mai. Kananzir ko man birki yake tsiyaya masa, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da sifana, ya koma wani aikin. Tsinkakken mai ya zaɓa don ya yi saurin bin zaren notin, ƙwanƙwasar tana tsattsaga tsatsa ta buɗe hanya, tafiyar da ya yi kuma lokaci ya ba man. Yaron shago mai gaggawa shi ke karya bol.

Injiniyoyi sun mai da wannan hali bawansu. Ku leƙa cikin silindar injin da aka gyara sabo, za ku ga ba a goge bangonta ya zama madubi ba. Da gangan aka bar wasu siraran zane-zane masu gicciyen juna. Waɗannan 'yan kwaruruka su ne magudanun da mai ke bi, su ne kuma rumbunsa. Robert Wenzel ya nuna a 1936 cewa kaushin fuska yana ƙara wa ruwa halin da yake da shi: wanda dama yake jiƙa wuri, kaushi zai sa ya ƙara jiƙa shi. Shi ya sa silindar da ta sha aiki har ta yi santsi ƙal ba abin murna ba ce, ta daina riƙe mai ke nan. Wata dabarar da ta fi burge ni tana cikin fankar tebur da ta tsaye. Zoben tagullar da sandar fankar ke juyawa a cikinsa daga garin tagulla aka matse shi, aka gasa, ya fito da ramuka birjik kamar soso, aka jiƙa shi da mai. Kamfanin Chrysler ne ya fito da irinsa a 1930. In fanka ta ɗau zafi man ya tsattsafo, in ta huce ramukan su sake tsotse abinsu.

Mai yana gudun zafi

Mu koma wurin mai shayi. Ku tsaya ku kalli kaskonsa bayan ya zuba ɗan mai kaɗan ya baza. Da wuta ta kama sai ka ga tsakiyar kaskon, daidai inda harshen wuta ke duka, ta soma bushewa, man ya janye gefe. Nan ne ƙwai ke kamawa. Wani lokaci kumburin gindin kasko ne, amma ko a kasko mai shimfiɗaɗɗen gindi haka na faruwa, kuma wasu masana biyu a ƙasar Cek sun ɗauki hotonsa sun yi lissafinsa a 2021.

Ga faranti da ruwa, na barbaɗa garin yaji a kai. Na taɓa tsakiya da ɗan sabulu. Kun ga yadda yajin ya watse gefe a guje? Sabulu ya sassauta fatar ruwan a tsakiya, ta gefe kuma tana nan da ƙarfinta, sai ta fizge ta. Duk inda fata ta fi ɗamewa, can ruwa ke nufa. Ana jingina wannan hali ga Carlo Marangoni, ɗan Italiya da ya yi nazarinsa a Jami'ar Pavia a 1865, ko da yake James Thomson ya riga shi bayyana shi da shekara goma. Zafi ma abin da sabulu ya yi yake yi, yana sassauta fatar mai. Saboda haka mai yakan bar wuri mai zafi ya nufi mai sanyi.

Ku tsaya ku yi tunanin abin da wannan ke nufi. A cikin inji, ina ne ya fi zafi? Inda ake gogayya. Ina aka fi bukatar mai? Nan ɗin dai. Halin da ya kawo man wurin shi ne kuma ke fitar da shi. Rabin ilimin shafa mai, a ganina, neman hanyar tsare shi ne a inda aka sa shi. Masu ƙera agogon hannu mai allura sukan shafa wa kewayen wurin wani sinadari da mai ba ya iya hawa, su yi wa ɗigon shinge. Giris wata amsar ce: mafi yawansa mai ne, an cakuɗa shi da wani irin sabulu, galibi na sinadarin litiyam, wanda zaruruwansa ke riƙe man su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa mai injin markaɗe ke sa wa boris giris, domin babu famfon da zai riƙa kawo masa mai. Ku dai gaya masa kada ya cika gidan boris ɗin taf. Giris da ya yi yawa tuƙa shi ake ta yi, ya ɗau zafi, ya saki mansa ya tsiyaye. A injin mota da babur kuwa ba a dogara da halin man ba sam, an sa famfo yana ta tura shi.

Toshiyar da ta ƙi zama

A farkon shekarun 1880 Ƙungiyar Injiniyoyin Na'urori ta Ingila ta sa wani injiniya, Beauchamp Tower, ya binciki gogayya a mazaunin sandar ƙafafun jirgin ƙasa. Ya huda rami a saman mazaunin don a riƙa zuba mai. Da sandar ta fara juyawa sai man ya riƙa ɓulɓulowa ta ramin. Ya toshe da toshiyar kwalba, ta fito. Ya buga itace, shi ma a hankali aka turo shi waje. Da ya ɗaura ma'aunin matsi sai allurar ta wuce ƙarshen ma'aunin. Ba famfo, ba komai, sandar da kanta take tara wannan matsin.

Osborne Reynolds na Manchester ya warware sirrin a 1886. Man da ya manne da sanda tafiya yake da ita. Da yake sandar ba a tsakiyar raminta cif take zaune ba, sararin da ke tsakaninsu yana tsukewa ta gefe ɗaya. Sandar tana jan mai tana cusa shi cikin wannan matsatsi fiye da yadda zai iya kuɓucewa, sai matsi ya taru har ya ɗaga ta. Kiranshaf ɗin injin da ke aiki lafiya ba ya taɓa mazauninsa, yana yawo ne a kan shafen mai da kaurinsa bai wuce 'yan maikiron ba. Amma sai in yana gudu. Richard Stribeck ya auna a Balin a 1902 ya nuna cewa gogayya tana da yawa a farkon motsi, ta faɗi ƙasa idan gudu ya ƙaru, sa'an nan ta sake ɗagawa sannu a hankali domin shi kansa man juya shi yana cin ƙarfi.

Ke nan lokacin da ya fi hatsari shi ne tayar da inji da safe. Man ya kwana yana gangarawa ƙasa, famfo bai riga ya turo sabo ba, sanda tana zaune a kan ƙarfe. Abin da ke tsare injin a 'yan daƙiƙun nan shi ne shafen ƙwayoyin da suka kwana manne da ƙarfen. Hardy ɗin nan da muka ambata shi ya fara nazarinsu sosai a 1922. Ya ga cewa ƙwayoyin da ke cikin kitse da man tsirrai suna da kai mai kama ƙarfe da doguwar jela, sai su jeru a tsaye kamar gashin buroshi, ƙarfe biyu su riƙa zamewa a kan jelunan. Wannan ya sa man shanu da man gyaɗa ke da santsi ƙwarai a kan ƙarfe. Illarsu ita ce iska da zafi na lalata su, su yi danƙo, tela da ya taɓa sa wa kekensa man gyaɗa zai ba ku labari. Man inji na zamani tun shekarun 1940 ake sa masa wani sinadari mai tutiya da fosfaras, wanda ke gina siririn sulke a daidai wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe. Ɗan kabu-kabun da ya buga babur da asuba ya murɗe totur har ƙarshe don ya ji kuka, wannan sulken yake kankarewa. Rabin minti na haƙuri ya isa man ya zagaya.

Yanzu mu zo ga gardamar da ake yi a kowane garejin Sakkwato. Sai mutum ya lakato mai ya murza tsakanin yatsu biyu, in ya ji kauri ya ce wannan shi ne mai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Garinmu zafi ya kan haura digiri 40 a watan Afirilu, yawancin baburanmu iska ce kawai ke sanyaya su, kuma baƙin mai yana tsinkewa kusan ninki goma tsakanin digiri 40 da digiri 100. Man da ya tsinke da yawa ba zai iya ɗaga sanda ba. Amma yatsa a inuwar gareji yake awo, injin kuwa a digiri 100 yake aiki, kuma a wannan zafin ake auna lambar da ke jikin galan, 40 ko 50. In ka ga 20W-50, lambar farko mai harafin W halin man a sanyi take nunawa, ta biyu halinsa a zafi; an sa masa wasu dogayen ƙwayoyi ne da ke rage masa tsinkewa. Man da ya wuce kaurin da aka tsara wa inji yana makara wurin isa da safiyar hunturu, yana wahalar bin ƙananan hanyoyi, yana kuma ƙara shan fetur. Mafi muni, kauri ba shaidar inganci ba ne. Tsohon mai da ya ƙone ma kauri yake yi. Lambar da masu injin suka rubuta a littafinsa ta fi yatsan kowa sanin gaskiya, har da nawa.

Ƙura

Saura abu ɗaya da littattafan ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa da shi muke kwana muke tashi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, ta haɗu da tamu ta titi. Kaso mai yawa na wannan ƙura sinadarin yashi ne, wanda ya fi yawancin ƙarafan inji tauri, kuma ƙwayoyinta da dama sun fi shafen man da ke raba ƙarafan kauri. In ɗaya ta shiga tsakani, ta taɓa sama ta taɓa ƙasa, sai ta riƙa karta.

Mai kuma yadda yake jiƙa ƙarfe haka yake jiƙa ƙura ya riƙe ta. Ku dubi sarƙar ɗan kabu-kabunmu. Inda take bukatar mai can ciki ne, tsakanin 'yan sanduna da zobban da ke juyawa a kansu, kuma tsotson lagwani ne zai kai shi. Duk man da ya rage a waje tarkon ƙura ne, kafin azahar ya zama baƙin kwaɓi mai cin sarƙa da haƙoran da take hawa. Sau da yawa ma tsohon man da aka juye daga inji ake zubawa don araha, wanda dama yana ɗauke da garin ƙarfe da baƙin hayaƙi. Hanyar da lissafinmu ya nuna ita ce a wanke sarƙar da kananzir, a ɗiga mai kaɗan ta cikin gaɓoɓin da yamma bayan an tashi aiki tana da ɗumi, a bar shi ya kwana yana shiga, da safe a goge na waje da tsumma. Kada ku raina irin wannan ƙaramin gyara. A 1966 kwamitin da Peter Jost ya jagoranta ya gaya wa gwamnatin Birtaniya cewa masana'antunta za su iya tsimin fam miliyan 515 a shekara in suka kula da gogayya da shafa mai yadda ya kamata, kuma daga rahoton nan ne fannin ya samu sunansa na Tiraiboloji.

Aikin gida. Kowa ya nemi murfin gwangwani biyu, ya wanke su da toka da sabulu, kada ya taɓa fuskarsu. Ya ɗiga man gyaɗa ɗigo ɗaya a tsakiyar kowanne da tsinken ashana, ya kifa musu kofin gilashi saboda ƙura, ɗaya a cikin ɗaki, ɗaya a rana. Ya auna faɗin ɗigon da rula bayan minti ɗaya, bayan minti goma, bayan awa ɗaya, sa'an nan washegari. A rubuta lambobin yadda aka same su, ko da sun saɓa wa lissafin Tanner. Wanda nasa ya saɓa, ya zo mana da dalilin da yake zato ranar Litinin.